Daffon Hotoro da Tsadar Nisa: Abin da Muhawarar Tallafin Mai Ta Manta

A gabashin birnin Kano, kusa da inda titin Maiduguri ya haɗu da hanyar da ta kewaye gari ta gabas, akwai manyan tankunan ƙarfe a cikin wani makeken fili, waɗanda mutanen Hotoro ke kira daffo. Saboda su ne mazaɓar wurin a ƙaramar hukumar Tarauni take amsa sunan Hotoro NNPC, kuma saboda su ne gefen titin ya shekara da shekaru cike da tankokin mai da direbobi da yaran mota da masu faci da masu abinci. Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, muhawarar ƙasa ta tsaya a kan tambaya ɗaya: a dawo da tallafi ko kada a dawo da shi. Tarihin daffon Hotoro yana nuna cewa wannan tambaya ta yi wa Arewa kaɗan. Asalin matsalar Kano da man fetur ita ce nisa daga bakin teku, kuma duk gwamnatin da ba ta magance nisan ba, kowane farashi ta yanka na ɗan lokaci ne.

Nisan nan ya girmi Najeriya mai 'yanci. Bayan titin dogo ya iso Kano a 1911, ta jirgin ƙasa kananzir da fetur suka riƙa zuwa daga Legas, a cikin garwa da ganga, kuma garwar da aka juye kananzirinta ita ce ta koma hannun masu sayar da ruwa a unguwanni. Samun ɗanyen mai a Oloibiri a 1956 da buɗe matatar Fatakwal a 1965 ba su kusanto da man ba, domin rijiya da matata duk a kudu suke, tsakanin Legas da Kano kuwa akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya nuna haɗarin dogaro da hanya mai tsawo haka, sa'ad da matatar Fatakwal ta tsaya kuma layin dogo na gabas ya yanke. Da kuɗin mai suka shigo bayan 1973, ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji, motoci da babura suka yawaita, sai buƙata ta zarce abin da jirgin ƙasa zai iya ɗauka. Layin mai ya fara zama abin sabo a ƙasar da ke sayar wa duniya ɗanyen mai.

Gwamnatocin soja na wancan zamani sun tunkari matsalar ta hanya biyu, ɗaya ta takarda, ɗaya ta ƙarfe. Ta takarda ita ce farashin bai-ɗaya da aka kafa a 1973 zamanin Janar Yakubu Gowon, da asusun daidaita farashin mai na PEF da aka kafa a 1975, wanda ke biyan dillali kuɗin dako don a sayar da lita a Kano kamar yadda ake sayar da ita a Legas. Ta ƙarfe kuwa ita ce kafa kamfanin NNPC a 1977, da matatar Warri a 1978, da ta Kaduna a 1980, da shimfiɗa bututun da daga baya ya kai kimanin kilomita 5,000 yana haɗa daffo sama da 20. Muhammadu Buhari, wanda gadar shataletalen Hotoro da aka buɗe a Janairun 2023 ke ɗauke da sunansa, shi ne kwamishinan man fetur na tarayya daga 1976 zuwa 1978, lokacin da wannan aiki ya kankama. Daga Kaduna wani layi ya bi ta Zariya zuwa Kano, da reshe zuwa Gusau, wani kuma ya nufi Jos da Gombe da Maiduguri. Hotoro a lokacin bayan gari ce, ga fili ga babban titi, don haka nan layin Kano ya ƙare.

Tsarin yana da ma'ana mai sauƙin fahimta: bututu ya yi doguwar tafiya, tanka ta yi gajera. Mai zai taso daga Kaduna ta ƙarƙashin ƙasa, tafiyar sama da kilomita 200, ya zuba a tankunan Hotoro, fetur daban, kananzir daban, gas daban. Dillali ya biya kuɗi ya karɓi takardar lodi, direba ya shiga layi, a zura hannun famfo ta saman tanka a cika ta, a tsoma sanda a auna, a ɗaure baki. Motar da ta ɗauki lita 33,000 da safe za ta iya sauke wa gidan mai a Gyadi-Gyadi ko Tarauni kafin azahar, wadda ta nufi Haɗeja ko Katsina kuma ta isa a ranar. A wannan tsari, ɗauko mai da mota tun daga Legas matakin gaggawa ne da ake ɗauka in bututu ko matata ta sami matsala, asusun daidaita farashi kuma ya cike giɓin har a gyara.

Abin da ya faru daga baya shi ne matakin gaggawa ya zama hanyar kullum. Matatar Kaduna ta dogara da ɗanyen mai da ake turowa daga yankin Warri ta bututu mai tsawon sama da kilomita 600, duk wanda ya huda shi a hanya ya kashe ta. Aka riƙa tsallake babban gyaran da ake yi wa matata lokaci-lokaci, har a shekarun 1990 ƙarancin mai ya zama ruwan dare, 'yan bumburutu suka jera jarkoki da galan a bakin titunan Kano. Fasa bututu ya zama sana'a, gobarar bututu a garin Jesse a Oktoban 1998 ta ci rayuka sama da 1,000. Sai dai ɓarayi kaɗai ba su isa su bayyana wannan lalacewa ba. A lokacin, asusun PEF yana biya ne gwargwadon nisan da mota ta yi, saboda haka duk ranar da bututu ya tsaya, kuɗin dako ya ƙaru, akwai masu samu. Babu kuwa wani mai ƙarfi da cinsa ya rataya a kan man ya gudana ta ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar ta zama kamar maigidan da rijiyarsa ta rufta, maimakon ya yashe ta sai ya shekara talatin yana biyan mai ruwa. A 2017 NNPC a ƙarƙashin Maikanti Baru ta sake buɗe daffon Kano bayan shekaru yana zaune, amma a 2020 kamfanin da kansa ya sanar cewa dukan matatunsa a rufe suke.

Dokar man fetur ta PIA da aka sa wa hannu a Agustan 2021 ta narkar da PEF cikin sabuwar hukumar NMDPRA, janye tallafi a 2023 kuma ya kawo ƙarshen farashin bai-ɗaya. Jadawalin da NNPC ta fitar a ƙarshen watan Mayun shekarar ya sa lita naira 488 a Legas, 540 a Kano, 557 a Maiduguri. A cikin waɗannan alƙaluma ana iya karanta tsadar nisa ƙarara, bayan shekara 50 tana ɓoye a cikin takarda. An cire takardar a lokacin da ƙarfen ya riga ya mutu, don haka Arewa ta rasa duka biyun. Kuɗin kuma bai tsaya a gidan mai ba. Manyan tankoki suna cinye kwaltar hanyar Legas zuwa Kano, suna kuma cin rayuka: a Oktoban 2024 wata tanka da ta taso daga Kano ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, wutar da ta tashi ta kashe mutum sama da 150. Hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 da hukuma ta yi daga Maris 2025 mataki ne mai kyau, amma ya rage girman mota ne kawai, tsawon tafiyar yana nan.

Masu cewa a dawo da tallafi suna da hujjar da ba za a raina ba. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, direban adaidaita sahu da mai injin niƙa da manomin rani mai injin ban ruwa duk sun ji a jikinsu, kuma Kanawan da suka cika shataletalen Silver Jubilee a Janairun 2012, da Shugaba Goodluck Jonathan ya ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, sun san abin da suke karewa. Amma a tuna yadda zamanin tallafin yake a Kano. Farashin gwamnati sau da yawa a allon gidan mai yake tsayawa, mai mota ya kwana a layi ko ya saya a jarka da ninkin kuɗi. Rahusar da aka yi don talaka tana tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram, har a Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya jefa mutanen Jibiya da Maigatari cikin ƙunci. Dillalan ƙungiyar IPMAN na Arewa sun sha barazanar yajin aiki saboda biliyoyin kuɗin dako da ba a biya su ba. A 2022 kaɗai tallafi ya ci sama da naira tiriliyan 4, kuma bayan an kashe su ko mita ɗaya ta sabon bututun mai ba ta ƙaru tsakanin Kaduna da Kano daga cikinsu ba.

Wasu kuma za su ce bututu a Najeriya asarar kuɗi ne, za a fasa shi, kuma NNPC ba abin ba wa amana ba ce. Shakkar tana da tushe, domin an amince da dala biliyan 1.5 don gyaran matatar Fatakwal a 2021, aka buɗe ta a Nuwamban 2024, aka sake rufe ta a Mayun 2025. To amma gyaran bututu daban, gyaran matata daban. Tun a shekarun 1990 aka haɗa layukan kudu da na arewa ta Suleja, ta yadda tataccen mai zai iya isa Kaduna ko daga wace matata ya fito. Kenya ta buɗe bututunta na Mombasa zuwa Nairobi a 1978, sa'an namu ne, da ya tsufa ta maye gurbinsa da sabo a 2018. Nijar, da duk matsalar tsaronta, tana tura ɗanyen mai daga Agadem zuwa matatar Damagaram tun 2011. Ita kanta gwamnatin Najeriya a 2020 ta fara shimfiɗa bututun iskar gas na kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, wanda ke nuna ba ta yarda cewa tsare bututu ya gagara ba. Darasin tarihinmu shi ne a canja wanda ke cin riba: a ba kamfanin da za a biya a kan kowace lita da ta iso Hotoro, ya kuma yi asara in ba ta iso ba.

Hujja ta uku ita ce matatar Dangote ta riga ta kawo mafita. Matata ce mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, a 2025 kuma ta sanar da motoci 4,000 masu amfani da iskar gas da za su kai wa gidajen mai kaya ba tare da kuɗin dako ba. Wannan ci gaba ne na gaske, ya rage dogaro da man waje. Sai dai matatar a Lekki take, a bakin teku, nisan bai ragu da taku ɗaya ba. Kuɗin dako ba ya ɓacewa, wani ne ke ɗauka, kuma alherin kamfani yana iya canjawa ranar da lissafi ya canja. Bai dace man jihohi da dama ya rataya a kan shawarar kamfani ɗaya da lafiyar titi ɗaya ba, ko da mai kamfanin ɗan Kano ne. Direbobin tanka ma ba za su rasa abinci ba in bututu ya dawo, domin daga daffo zuwa gidajen mai na Kano da Jigawa da Katsina aikin mota ne, kuma direban da ke kwana a gidansa ya fi wanda ke mako a hanya tsawon rai.

Saboda haka abin da ya kamata sanatoci da 'yan majalisar Kano da gwamnonin Arewa maso Yamma su sa a gaba ya fi kiran a rage farashi. Su nemi a bayyana wa jama'a halin da layin Kaduna zuwa Kano yake ciki da abin da gyaransa zai ci. Su nemi a buɗe bututu da daffo ga kowace matata da kowane dillali a kan kuɗin da aka sani, kamar yadda dokar 2021 ta ba da dama. Su tabbatar sabon titin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ya zo da taragun dakon mai, kuma a riƙa ajiye man makonni a tankunan Hotoro don yajin aiki ko yankewar gada a kudu kada su tsayar da Kano cikin kwana uku. Gwamnatin jiha kuma tana da nata aikin, domin Hotoro ta cika da gidaje, dole a kare filin da bututun ya bi kafin a sake tura mai a cikinsa. Duk ɗan takarar da ya zo da alƙawarin mai mai araha, a tambaye shi ta wace hanya man zai iso Kano, da nawa, kuma wa zai ɗauki asara in bai iso ba.