Gansakuka a Tafki: Me Ke Kawo Ta, Kuma Me Take Yi wa Shanu?

Tun ina yaro nake bin Baba Kasuwar Shanu ta Maiduguri, kuma ya sha jan kunnena: kada dabba ta sha ruwan da ya yi kore shar.

Wannan koren shi ne gansakuka. Abu uku ke ciyar da ita: zafi, kwantaccen ruwa, da takin gona ko kashin dabbobi da ruwan sama ke wankowa cikin tafki. A wajenmu, watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ruwa ya ja baya a tafkuna irin Alau, wanda Maiduguri ke sha. Akwai nau'i mai shuɗi-shuɗi da ke fitar da gubar da ke cin hanta. Saniya kan iya mutuwa cikin sa'o'i.

A Amurka kuwa, wata baƙuwar ƙumba ta ƙara dagula lamarin. Jiragen ruwa ne suka kawo ta daga Turai, aka gano ta a 1988. Tana tace ruwa, ta cinye gansakuka marar guba, ta tofar da mai gubar, ita kuma ta samu fili. A Agustan 2014 sai da aka hana mutanen Toledo shan ruwan famfo na Tafkin Erie kusan kwana 3.

Tafasawa fa ba ta kashe gubar. In kun ga ruwa kamar an zuba koren fenti, ku kora garke gaba.