Makaɗan Fada Bayan Watsewar Ƙungiya, Daga Zazzau Zuwa Suleja

Duk wanda ya yi nazarin tarihin kiɗa a ƙasar Hausa da idon basira zai tarar cewa ƙungiyar makaɗa, komai shahararta da yawan jama'arta, a kan mutum biyu take tsaye, watau uban kiɗin da ke jan waƙa da ubangidan da ake yi wa ita, kuma ranar da ɗayansu ya kau, ko da zuwan ajali ko da juyin zamani, ran nan ne 'yan amshi da masu ganga da sanƙira za su wayi gari suna duban juna, kowa yana tunanin inda zai sa gaba. Wannan al'amari ya auku a fadoji da dama, amma babu garin da ya fi Suleja cancantar a faro zancen daga gare shi, domin shi kansa garin watsewar wata fada ce ta haife shi.

Sa'ad da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso Zazzau a farkon ƙarni na 19, Malam Musa ya zo da tuta, sai aka riski Sarkin Zazzau Muhammadu Makau yana filin Idi a bayan gari, bai sami ikon komawa cikin birni ba, ya nausa kudu tare da waɗanda suka zaɓi bin sa, har ya sauka Zuba. Makau ya rasu a wajen yaƙin Lapai cikin 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, shi ne kuwa ya kafa garin Abuja, wanda a yau ake kira Suleja, a 1828. To, da yake a wancan zamani sarauta ba ta cika sai da tambari da kakaki, kuma ba a san fitowar sarki ko saukarsa ba sai da su, ƙaddarar da ta raba fada biyu ta raba ma'abota kiɗa da busa biyu. Wanda ya tsaya a Zariya ya tsinci kansa a gaban sababbin iyayengiji, almajiran Shehu, malamin da ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin aibobin mulkin da ya gabata a littafinsa Kitabul Farƙi, inda bai halatta bugun tambari ba sai don wata manufa ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta. Wanda ya bi sarki kuwa ya bar gida da gona da kaburburan kakanninsa, ya shiga ƙasar Gwari da Koro ba shi da wata dukiya face abin da ke rataye a kafaɗarsa da abin da ya haddace a ƙirjinsa.

Alal haƙiƙa kowane ɓangare ya rayu. Sarakunan Fulani ba su daɗe ba suka riƙe tambari da kakaki da algaita a ƙofar fadojinsu, su kuwa mutanen Abuja suka ci gaba da kiran sarkinsu Sarkin Zazzau, har yau ɗin nan, ta yadda aka wayi gari da fada biyu, kowace ana yi wa Sarkin Zazzau busa a cikinta. Saboda riƙon da Abuja ta yi wa tsohon tsari ne ma masanin nan M. G. Smith, a littafinsa kan mulkin Zazzau da ya fito a 1960, ya dogara da ita wajen gane yadda sarautun Haɓe suke kafin jihadi, yana mai amfana da tarihin da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a 1952. A ganina bai kamata a manta da rabon maroƙa da mabusa a cikin wannan riƙo ba, domin jerin sunayen sarakuna da kirarin kowannensu a bakinsu yake zaune tun kafin a sa shi a takarda.

Kafin a fahimci abin da watsewa ke yi wa makaɗi, wajibi ne a san yadda zamansa yake a cikin ƙungiya. Masu tambari da kakaki aikinsu na gado ne, a jikin gadon sarauta yake, ko wane sarki ya hau su ne za su tsaya ƙofar fada daren Juma'a su yi sara. Mawaƙan kotso da taushi da jauje kuwa, su alaƙarsu da mutum ce, ba da kujera kaɗai ba. Uban kiɗi shi ke ƙago waƙa, amma ba ta zama waƙa sai an zauna a zaure da dare, ya faɗi gindinta, 'yan amshi su karɓa, ya sake, su sake, wani ya ƙara kalma, wani ya gyara gaɓa, mai kotso yana taɓa fatar da yatsu yana danna ɗan danƙon da ke tsakiyarta har sautin ya daidaita da murya, a yi ta haka har abin ya zauna a zukatansu ba tare da alƙalami ko tawada ba. In an fita aka samo alheri, riga ce ko doki ko damin hatsi ko kuɗi, sai a dawo a baje a kan tabarma, shugaba ya ɗauki nasa, ya ba kowa gwargwadon daɗewarsa da matsayinsa. Ɗan amshi yakan shekara ashirin a wannan hali, bakinsa cike da waƙoƙin da shi ma yana da hannu a cikinsu, alhali kuwa sunan wani ake ambata in an tashi yabo. Wannan ita ce makarantar, kuma karɓar da yake yi daga bakin ubangidansa ta yi kama da yadda ɗalibi ke karɓar karatu daga malaminsa, baki da baki, har isnadi ya ƙullu.

Saboda haka ranar da ƙungiya ta watse ita ce ranar jarrabawar ɗan amshi. Babu misalin da ya fi na Alhaji Musa Ɗanƙwairo bayyana wannan. Ya tashi yana yi wa mahaifinsa Usman Ɗankwanda amshi a Maradun, da mahaifin ya rasu shugabanci ya koma hannun wansa Kurna, shi kuwa ya zama mataimaki, ya yi haƙuri da wannan matsayi har lokacin da ya tsaya da ƙafarsa ya tara nasa mutane. Ɗaukakarsa ta kai ga ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, Alhaji Ahmadu Bello, sai ga daren 15 ga Janairu 1966 ya zo, aka kashe ubangidan nasa a Kaduna. Mutumin da ya kai wannan matsayi, ya ga rushewarsa cikin dare ɗaya, da ya ajiye kotso ya koma gona da babu mai zarginsa. Amma bai ajiye ba. Waƙoƙin da ya yi wa 'Yandoton Tsafe da Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero suna cikin waɗanda aka fi riƙewa a yau, kuma da ya rasu a 1991 'ya'yansa, waɗanda su ma a amshi suka tashi, suka ɗauki kiɗin.

Sai dai ba kowa Allah ya ba wannan rabo ba, kuma zalunci ne a auna sauran da mudun Ɗanƙwairo. Akwai gwanin karɓi wanda ba a hore masa ƙago ɗa guda na waƙa ba. Irin wannan, in uban kiɗi ya rasu, ko dai ya nemi wata ƙungiya ya zama baƙo a cikinta da furfurarsa, ya koma karɓar rabon yara, ko ya shiga bin gidajen biki da suna da kalangu, ko ya koma noma. Waɗannan bayin Allah su ne suka fi yawa, su ne kuma tarihi ya fi yi wa rowar ambato, ga shi kuwa muryoyinsu ne ke cika kunne in aka sa faifan makaɗan fada irin su Narambaɗa ko Jankiɗi.

A cikin ƙarni na 20 abin da ke watsa ƙungiya ya daɗu a kan mutuwa. Turawa sun ci Abuja a 1902, Sarki Ibrahim ya rasa ransa a wannan karo, aka shiga zamanin En'e da albashi. Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa abin da ya rage, sai hannun da ke ba da doki da riga ya gajarta, makaɗi ya ga tilas ya nemi attajiri da ɗan siyasa da shugaban direbobi. A wannan shekara ta 1976 ɗin ce, ran 3 ga Fabrairu, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zartar da kafa sabon babban birnin tarayya, aka ɗauki sunan Abuja da babban yanki na ƙasarta aka ba shi, tsohon garin kuwa aka kira shi Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Garin ya cika da leburori da magina da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa, waɗanda ba su san kirarin Abu Ja ba, ba su kuma da bukatarsa, amma suna da kuɗin liƙi a wurin biki. Bayan haka ga wa'azin ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, wanda ya sa wasu makaɗa suka jingine ganga don tsoron Allah, kuma ban ga dalilin da zai sa a raina niyyarsu ba. Hatta sauye-sauyen da gadon sarautar Suleja ya gani tsakanin 1993 da 2000, lokacin da aka naɗa Alhaji Muhammadu Awwal Ibrahim, aka sauke shi, aka naɗa Alhaji Bashir Sulaiman Barau, sa'an nan aka mayar da na farkon, irin jarrabawar nan ce da ke sa mawaƙin da ya ɗaura zuciyarsa ga mutum ɗaya cikin tsaka mai wuya.

Rediyo da faifai da kaset sun buɗe wata ƙofa, domin sun ba makaɗi ubangida wanda ba ya mutuwa dare ɗaya, watau jama'a. Ɗanmaraya Jos, wanda mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya nuna cewa mutum guda da kuntiginsa, ba ɗan amshi ko ɗaya, yana iya isar da waƙa har ƙetaren teku, ya kuwa yi haka har rasuwarsa a 2015. Amma daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyano ta shigo ɗakunan ɗaukar murya, sai mutum ɗaya ya riƙa fitar da sautin kalangu da na ganga da yatsunsa, a kira wata yarinya ta rera amshi sau ɗaya a naɗa, a sallame ta, na'ura ta yi ta maimaitawa. Mawaƙin yau in ya rabu da abokan aikinsa, gobe sai ya shiga wani ɗakin ya fara sabon aiki ba tare da ya rasa kome ba, wannan kuwa sauƙi ne da magabata ba su samu ba. Abin da ke damuna shi ne, zaman zauren nan na dare, inda yaro ke shekaru yana karɓa har bakinsa ya nuna, shi ne ke samar da magaji a duk lokacin da ƙungiya ta watse, kuma amshin da aka naɗa a na'ura ba ya yaye kowa.