Daga Kamfanin Neja Zuwa Geriyo: Gwamnati, 'Yan Kasuwa da Talakan Jimeta

Duk wanda ya tsaya a Damilu da rani ya miƙa ido wajen fadamar Geriyo, zai ga shinkafa kore shar a lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas. Bayan wannan koren akwai tsohuwar muhawara, wato wa ke da alhakin fid da talaka daga ƙangin fatara, hukuma ko mai jari?

Mai jari ne ya riga isowa. Tun a shekarun 1880 kamfanin Turawan Ingila, wanda ya zama Royal Niger Company a 1886, ya girke jirginsa a Binuwai kusa da Yola, yana kawo gishiri da yadi, yana kwasar ƙaro da hauren giwa. Bayan da Turawa suka ci Yola a 1901, Jimeta ta bunƙasa a matsayin tashar jiragen ruwa. An samu aikin dako da awo, amma farashin gyaɗa da auduga ba manomi ne ke yanka shi ba.

Da kuɗin man fetur suka samu, gwamnati ta ce ta ji ta gani. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda ta shimfiɗa aikin noman rani a Geriyo. Shirye-shirye kuwa sai ka ce ruwan damina: OFN a 1976, juyin noma na Shagari a 1980, DFRRI a 1986, Bankin Talakawa a 1989, NAPEP a 2001. Akasarinsu sun bi waɗanda suka haife su. A ganina Geriyo ta ɗore ne saboda ruwa da fili ta ba manomi, abin da zai taɓa da hannunsa.

Labarin kamfanin sukari na Savannah a Numan ya fi ɗaure kai. Gwamnatin Tarayya ta kafa shi a 1971, aka gina madatsar Kiri domin shayar da rakensa, amma ya yi ta tangal-tangal har aka sayar wa Ɗangote a 2003. Masu yabon 'yan kasuwa kan kafa hujja da farfaɗowarsa, su manta cewa da kuɗin jama'a aka gina madatsar.

Sannan ga kogin kansa. A 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, gonaki da gidaje a gaɓar Binuwai suka nutse, manomi ya wayi gari ba amfanin gona, ga bashin taki a wuya.