Daga Randar Kakata Zuwa Ɗakin Bincike: Tarihin Gawayi Da Ruwan Sha

Lokacin farin 1973 ina yaro a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Rijiyarmu ta ƙafe, muka koma ɗiban ruwan tafki, ja wur, ga wari. Kakata takan zuba shi a randa, ta wanke gawayi ta jefa ciki, kafin gari ya waye warin ya ragu. A lokacin mun ɗauka camfi ne irin na tsofaffi. Ashe abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Sai da na shigo jami'a na tarar Turawa ma ta wannan hanya suka bi. A 1773 wani masani mai suna Scheele ya lura gawayi yana zuƙe iska. A 1785 Lowitz ya nuna yana cire launi daga ruwa. Wajen 1900 kuwa Ostrejko ya fito da dabarar "farkar da" gawayi, watau a gasa shi da tururi mai tsananin zafi har ƙananan kafofinsa su buɗe, datti ya sami wurin maƙalewa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka fara harba iska mai guba a 1915, gawayin ƙoƙon kwakwa ne aka riƙa cusawa cikin takunkumin sojoji ya cece su.

To, mu a ƙasar Gumel ba mu da kwakwa, amma muna da abin da ya maye gurbinta. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Gagarawa zuwa Nguru wajen 1930, gyaɗarmu ke tafiya Kano, ɓawonta kuwa sai dai bola ko murhu. Haka totuwar masara da ƙodagon goriba da ake tattakewa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Masana sun tabbatar irin waɗannan ana iya ƙone su a rufe, a farkar da su, su tace ruwa.

Sai dai a kiyaye: gawayi yana ɗauke wari da launi da wasu gubobi, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tilas a tafasa ruwan. Wannan ne kakata ba ta sani ba, shi ya sa gudawa ba ta bar gidanmu ba a waccan shekarar.

Saura ku, ɗalibai 'yan'uwa, ku haɗa saninta da na littafi. Allah ya sa mu dace, amin.