Daga Zanen Gawayi Zuwa Excel

A Nasarawa Burkullu, cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum ta Jihar Zamfara, kamar a Gummi da Anka, kasuwa takan ci ta watse, amma bashi ba ya watsewa da ita. Wanda ya ɗauki buhun gero yau sai kasuwa mai zuwa zai biya, kuma tilas a sami abin da zai riƙe lissafin kafin ranar ta zagayo.

A zamanin wuri, ƙwaƙwalwa da shaidu ne suka ɗauki wannan nauyi. Fatake kan ƙirga wuri kashi-kashi, 20,000 su cika keso guda. Malamai da attajirai sukan rubuta nasu da ajami. Matan gida kuwa gawayi ne alƙalaminsu: kowane kwanon da aka karɓa bashi, zane ɗaya a bangon ɗaki, in an biya a goge. Uwar adashi ta fi kowa ɗawainiya, domin ita ke tuna wa ya yi zubi, wa ya kwasa, kwasar wa ke tafe.

Ko da naira ta maye gurbin fam a 1973, bakin 'yan kasuwa bai saki tsohon lissafi ba. Jaka, wadda a da fam 100 ce, ta koma naira 200.

A Amurka, Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, suka mayar da littafin akawu kan allon kwamfuta. Lotus 1-2-3 ta 1983 ta yaɗa makro, wato jerin umarni da ke maimaita aiki da kansa, sannan Microsoft ta sa VBA, harshen rubuta makro, cikin Excel a 1993. Shekara uku bayan haka aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, kuma sannu a hankali kwamfuta ta shiga ofisoshin Gusau da shagunan buga takardu.

Sai tsohuwar damuwar uwar adashi ta sake ɓullowa. Makro mai mantuwa ne: da ya kammala aiki, abin da ya ƙirga a cikinsa ya ɓace, in an sake kiransa daga sifiri zai fara. Masu rubuta shi sukan yi wa adadin alamar Static domin ya tsaya daga kira zuwa kira, amma rufe fayil yana shafe shi, haka ma ɗaukewar wuta ko mutuwar janareto.

Shi ya sa akawun da ke buga rasit yake sa makro ya rubuta lambar rasit ta ƙarshe a wani gurbi cikin ɓoyayyen shafi, ya adana fayil kafin ya tashi. Ranar kasuwa ta gaba, makro ya karanta gurbin, ya ƙara ɗaya, ya buga wa mai buhun gero rasit ɗinsa.