Shin akori-kura mai "rabin tan" na iya jan tirela mai ƙafa ta biyar?

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai wata irin tirela da mutane ke saye domin tafiye-tafiyen hutu. Gida ne sukutum bisa tayoyi: akwai gado, da wurin girki, da makewayi, da tankin ruwa. Ba ta da inji, sai dai mota ta ja ta. Masu ita suna ɗaura ta ga akori-kura, wato mota mai buɗaɗɗen baya wadda wasu ke kira bashe. Tambayar da masu saye suka fi yi ita ce: ko ƙaramar akori-kura, wadda suke kira "rabin tan", za ta iya jan wannan tirela ba tare da haɗari ba? Tana iyawa idan tirelar ƙarama ce ƙwarai, amma mafi yawansu sun fi ƙarfinta. Ya kamata mu tsaya mu fahimci dalili, domin lissafin ya shafi duk wanda ke yi wa mota lodi, har ma mai amalanke.

Mene ne ƙafa ta biyar?

Duk wanda ya taɓa ganin kan tirela a tashar manyan motoci, an kwance masa bodinsa, ya ga wani faffaɗan faifan ƙarfe mai baki, shafe da baƙin mai, a bayan ɗakin direba. Wannan faifai shi ne Turawan Amurka ke kira ƙafa ta biyar. Sunan ya samo asali tun zamanin keken doki mai ƙafa huɗu, lokacin da ake kwantar da wani zoben ƙarfe bisa gatarin gaba domin keken ya iya juyawa. Faransawa kuwa suna ce masa selet, wato ƙaramin sirdi. A ganina sunan Faransawa ya fi dacewa, domin aikin sirdi yake yi: hawa ake yi bisansa.

Irin wannan faifai, amma ƙarami, shi ake kafawa a tsakiyar bayan akori-kura, daidai saman gatarin baya. Gaban tirelar yana da tudu, kuma ƙarƙashin tudun akwai wani gajeren turken ƙarfe mai kauri wanda ke shiga bakin faifan ya kulle. Saboda mahaɗin yana bisa gatari, tirelar ba ta yawan wutsil-wutsil bisa hanya kamar wadda ake ɗaurawa can ƙarshen mota. Amma akwai abin da ake biya. Tirelar da aka ɗaura a ƙarshen mota tana aza mata kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta. Mai ƙafa ta biyar kuwa tana aza kashi 15 zuwa 25, galibi wajen kashi 20.

Ja daban, ɗauka daban

Nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Mu dubi jaki da amalanke mai ƙafa biyu. Jaki na iya jan kaya masu yawa idan an daidaita su bisa gatari. Amma a tura buhunan gaba, su danne masa baya, sai ka ga ya durƙusa, alhali nauyin kayan bai ƙaru ba. Ƙarfin ja abu ɗaya ne, ƙarfin gadon baya wani abu ne. Haka mota take. Kamfanin da ya ƙera ta yana ba da lamba biyu: nauyin da za ta iya ja, da nauyin da za ta iya ɗauka. Masu talla sun fi son faɗar ta farko, domin ita ce babba. Ga tirela mai ƙafa ta biyar, ta biyun ce ke fara cika.

Sunan "rabin tan" ma yana ƙara ruɗani. Tsohon suna ne. Lokacin da kamfanin Ford ya fitar da ƙirar F-1 a shekarar 1948, irin waɗannan motoci ana lissafa musu ɗaukar laba 1000, wato kilo 454, rabin tan na Amurka ke nan. Motocin sun girma, sunan bai sake ba. Ford F-150, da Chevrolet Silverado 1500, da Ram 1500, da Toyota Tundra duk ana kiran su rabin tan, alhali suna ɗaukar fiye da haka. A shekarar 2021 Ford ya bayyana cewa F-150 na iya jan har kilo 6350, kuma tana iya ɗaukar har wajen kilo 1500. Sai dai wannan kilo 1500 na wata ƙira ce ta musamman, mai ƙofa biyu da dogon baya, wadda aka ƙarfafa wa ƙafafu. Masu ƙofa huɗu da kujerun alfarma, waɗanda iyalai suka fi saye, da yawansu suna tsakanin kilo 600 da 900 ne. Duk abin da aka ƙara wa mota domin jin daɗi, daga cikin rabon kaya ake cire nauyinsa.

Lambar ja kuma yana da kyau a san yadda ake samun ta. Zuwa shekarar 2015 manyan kamfanonin sun koma bin ƙa'idar gwaji guda, mai suna J2807. Cikin gwajin akwai hawan wata doguwar hanya mai tudu, wajen kilomita 18, kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, cikin zafin da ya kai digiri 38. Gwaji ne mai tsanani. Amma mutum biyu kawai ake lissafawa cikin motar, kowanne kilo 68. Babu ƴaƴa, babu akwatuna.

Mu yi lissafi

A jikin ƙofar direba, daga ciki, akwai wata ƴar takarda da kamfani ya manna, wadda ke faɗar iyakar nauyin mutane da kaya na wannan motar ita kaɗai. Da ita ake aiki, ba da ta talla ba. A ce an rubuta kilo 800, kuma littafin motar ya ce tana jan kilo dubu 5.

Mai motar ya ga tirela wadda nauyinta da kayanta ya kai kilo dubu 4. Ya yi murna, domin dubu 4 bai kai dubu 5 ba. To, mu lissafa abin da zai hau bayan motar. Kashi 20 cikin 100 na dubu 4, kilo 800 ke nan. Rabon motar ya ƙare tun direba bai shiga ba. Faifan ƙarfen da ƙafafunsa, mu ce kilo 70. Maigida da uwargida da yara biyu, kilo 250. Guzuri da kayan gyara, kilo 50. Jimla kilo 1170. An zarce iyaka da kilo 370, kuma kusan dukkansa bisa tayoyin baya guda biyu.

Yanzu mu ɗauki ƙaramar tirela mai kilo 2500 da kayanta. Kashi 20 ɗinta kilo 500. A ƙara faifai 70, mutum biyu 150, ƴan kaya 30. Jimla 750. Wannan ta shiga, amma da ƙyar: saura kilo 50, ko baƙo ɗaya ba za a ɗauka ba.

A kula da wata dabara ta masu sayarwa. Sukan faɗi nauyin tirela tana wofi. Amma ba wanda ke tafiya da gida wofi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 200 ya ƙara kilo 200. Ga tukwanen gas, ga batura, ga abinci da tufafi, kuma babban ma'ajin kaya yana gaban tirelar, kusa da turken. Shi ya sa ake lissafi da iyakar nauyin da aka rubuta wa tirelar tana cike. Wanda ke son tabbaci sai ya hau sikelin manyan motoci, ya auna gatarin gaba, da na baya, da na tirela, kowanne daban, ya gwada da abin da kamfani ya rubuta.

Abin da ke faruwa idan nauyi ya zarce

Bayan motar zai zauna, fitilun gaba su ɗaga sama. Tayoyin baya za su ɗauki zafi, kuma tayar da ta yi zafi da nauyi bisa kwalta ita ke fashewa. Akwatin giya zai wahala wajen hawan tudu. Mafi muni shi ne gangara, inda abin da ke baya ya fi motar nauyi yana tura ta. Waɗannan tireloli suna da birkinsu na lantarki, wanda wata ƴar na'ura kusa da direba ke sarrafawa. Idan ba a daidaita ta ba, birkin motar shi kaɗai ba zai tsayar da su cikin lokaci ba.

Wasu sukan sa jakunkunan iska ƙarƙashin bayan motar domin ya miƙe. Motar za ta miƙe kam, ido ya ga kamar lafiya. Amma gatarin, da tayoyin, da birkin duk suna nan yadda suke, kuma lambar da ke jikin ƙofa ba ta ƙaru da kilo ko ɗaya ba.

Akwai kuma matsalar tsawo. Yawancin masu ƙofa huɗu bayansu gajere ne, wajen mita 1 da santimita 70. Idan direba ya sha kwana mai tsanani, musamman yana ja da baya, kusurwar tirelar na iya dukan ɗakin direba ta fasa gilashi. Maganin wannan shi ne faifai mai zamewa baya lokacin juyawa, sai dai ya fi na yau da kullum nauyi, ya ƙara cin rabon kaya.

Saboda waɗannan dalilai, masu manyan tireloli sukan sayi motoci na aji na gaba, kamar F-250 da F-350, ko masu lamba 2500 da 3500, waɗanda wasunsu ke da tayoyi huɗu a baya. Ko a nan ma sai an duba takardar ƙofa, domin injin gazuwal ya fi na fetur nauyi: yana ƙara ƙarfin ja, yana rage abin da za a ɗauka.

A ƙasarmu ba a cika ganin gidan tafiya irin wannan ba, amma akori-kura tana ko'ina, musamman ranar kasuwa. Toyota Hilux, alal misali, wajen tan guda aka ƙera ta ta ɗauka, kuma mutanen da ke ciki suna cikin lissafin. Takardar mota, wato kart giris, tana nuna nauyin motar wofi da iyakar nauyinta da lodi. A cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne rabon mutane da kaya. Idan rabon kilo 1000 ne, direba da yaran mota biyu sun ci wajen kilo 200. Saura buhu 8 na hatsi mai kilo 100.