Kalmar da Aka Karɓe Daga Hannun Mata

Yau ina so kowacce ta ɗauko kwalin magani ko gwangwanin madara da ke ɗakinta, ta juya bayansa. Za ki ga wasu haruffa uku, MFG ko MFD, da kwanan wata a gefensu. Taƙaitawa ce ta kalmar Turanci manufacture, wadda mu a gidan rediyo muke fassarawa da ƙerawa ko sarrafa kaya a masana'anta.

To amma asalinta babu inji a ciki ko kaɗan. Daga Latinanci ta fito: manus hannu ke nan, facere kuma yi. Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci a ƙarni na 16, kuma a lokacin ma'anarta abin da aka yi da hannu.

Hannun wa? A harkar tufafi dai, yawanci na mata ne, kuma a cikin gidajensu. Ɗan kasuwa zai bi ƙauyuka yana raba musu gashin tumaki, su kaɗa zare tsakanin girki da raino, ya dawo ya karɓa ya biya. Sai mata da yawa sun yi kaɗi kafin su wadata masaƙi guda. Aikin ya zama na 'yan mata sosai, har kalmar spinster, wato mai kaɗi, ta koma sunan macen da ba ta yi aure ba. Ashe ba mu kaɗai muka san mazari ba.

Wajen 1764 wani masaƙi, James Hargreaves, ya ƙera na'urar da mutum ɗaya zai kaɗa zare takwas a lokaci guda. A 1771 Richard Arkwright ya gina masana'anta a Cromford, inda ƙarfin ruwan rafi ke juya injinan kaɗi dare da rana. Zare ya yi arha, ɗan kasuwa ya daina ƙwanƙwasa ƙofa. Wadda ke son kuɗi sai ta bar ɗakinta ta tafi inda inji yake, sau da yawa har da 'ya'yanta ƙanana. Kalmar ma sai ta bi aikin, ta tare a masana'anta.

Kada ki ce wannan labarin Turawa ne kawai. Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Wa ya kaɗa zaren? Kakanninmu ne, a bayan katanga. Su gurje auduga, su shiɓe ta, su shafa alli a yatsa su murza mazari har dare ya raba. Da kuɗin zare da abawa mace ke tara wa 'yarta kayan ɗaki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Manchester ya ƙara cika kasuwa, su akoko da alawayyo, sannan aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Abin da ya sami matan Ingila ya iso mu, sai dai a hankali. Yau a unguwa guda da wuya ki sami tsohuwa biyu masu kaɗi.

Ni dai ina jin haushi idan na tambayi mace sana'arta ta ce ba ta aikin komai, alhali ga man gyaɗa ta matse, ga ƙuli-ƙuli, ga taliyar murji tana shan iska a igiya. In an bi asalin kalmar, ke kika fi injin cancantar sunan.

Mu koma kan kwalin nan. Kwanan watan da ke gefen MFG ranar da aka yi kayan ne. Wanda ke gefen EXP shi ne ranar da wa'adinsu ke ƙarewa. Da yake yara muke aika kemis, idan yaro ya dawo da magani, EXP za ki fara dubawa. In watan ya wuce, ya mayar.